Garejin Kawu da Motocin Kwamfuta: Littafin Aiki daga Suame Magazine

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Mota uku muka sallama a makon nan ba mu kwance ko noti ɗaya a jikinsu ba. Dukansu da fitilar injin, wadda ke kunnuwa a gaban direba in akwai matsala, a kunne suka zo, kuma tambaya ɗaya masu su suka yi tun kafin su kashe mota: kuna da na'ura? Ba mu da ita. Suka yi kwana suka gangara layin ƙasa, wajen wani matashi da aka yaye daga koyon aiki shekara biyu da suka wuce.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Garejin na yayan mahaifiyata ne, a nan Suame Magazine, unguwar masu gareji ta Kumasi, a Ghana. A gida, a Aboabo, Kawu nake ce masa, a wurin aiki kuwa Masta, kamar kowa. Tun zamanin Datsun da Fijo 504 hannunsa yake cikin baƙin mai. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kanga ƙotar a kunne, ya faɗa maka abin da ke ƙara a ciki, in an kwance a tarar haka ne. Yara shida ne a ƙarƙashinsa, biyu daga Bawku, ɗaya daga Wa, sauran 'yan Aboabo da Asawase. Da Hausa ake aiki a rumfar, sai in mai mota ya zo a juya zuwa Twi.

Abin da na sa a gaba shi ne mu sayi na'urar bincike, wadda ake jona wa mota ta karanto matsalarta, in koya, in koya wa yaran, kafin shekara ta ƙare mu daina sallamar mota saboda fitila. Bayan la'asar na faɗa wa Kawu. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce ba yau aka fara ba. Yana saurayi, a 1980, mutanen jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi suka buɗe cibiya a nan Magazine suna koyar da sassaƙa ƙarfe da inji. Wasu manya suka ce ɓata lokaci ne, waɗanda suka je kuwa daga baya su ake bi har ƙofa. Ya ce in nemo farashi.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Na'urar ta iso daga Accra ranar Litinin. Rabin kuɗin Kawu ya bayar, rabi kuma na kwashi susuna, adashin da nake zubawa tun bara. Ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na biya, aka cire harajin e-levy, kashi 1 cikin 100.

Yaran sun tambaye ni yadda na'ura ɗaya za ta yi magana da Toyota ta kuma yi da Hyundai. Na ce musu tun 1996 dokar Amurka ta tilasta duk ƙaramar motar da za a sayar a can ta zo da soket iri ɗaya mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunansa OBD-II. Turai ta bi baya a 2001 da motocin fetur. Motoci da yawa da ake saukewa a tashar Tema daga gwanjon Amurka suke, saboda haka soket ɗin ya daɗe yana shigowa rumfarmu yana fita. Ƙwaƙwalwar mota, wadda a Magazine ake ce wa kontrol bod, tana ajiye duk ƙorafinta da lamba, ta wannan ƙofa kuma ake karɓa.

Motar farko Corolla ce, lambarta P0171. Ma'anarta iska ta rinjayi mai a cikin abin da injin yake ƙonawa. Injin fetur yana son kusan nauyin iska 14.7 ga nauyin mai ɗaya, in lissafin ya karkace sai ƙwaƙwalwa ta yi kuka. Na duba a waya na ga an fi ambaton sensar da ke auna iskar da ke shiga. Na sa mai motar ya sayo, muka ɗaura, na goge lambar. Ko shataletalen Suame bai kai ba fitila ta dawo. Ya komo ransa a ɓace, da gaskiyarsa.

Kawu ya taso daga benci ya ce, “Tada ta.” Ya yanko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana lalube da shi a bayan injin. Can ya tsaya ya ce, “Kai, zo ka ji.” Na kara kunne, na ji wata 'yar siririyar ƙara kamar ta tayar da ke sacewa. Wani tiyo ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, iska tana satar hanya tana shiga bayan sensa ta gama lissafinta. Na'urar tana haɗe, a allonta kuma akwai adadin da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa don ta cike giɓi. Kawu ya danne tsagar da babban yatsa, adadin ya fara gangarowa muna kallo. Ya ɗage, ya sake hawa. Sau uku ya yi haka, yaran duk sun bar aikinsu sun kewaye mu. Ya ce, “Ashe tana ji.”

Tiyon bai kai kuɗin kwanon waakye (shinkafa da wake) biyu ba. Kuɗin sensar na mayar wa mutumin daga aljihuna, domin ni na sa shi asara. Lamba kukan mota ce, ba sunan cutar ba, kuma daga yau ba wanda zai aiki mai mota sayen kaya a rumfar nan sai an gwada an tabbatar.

Juma'a, 15 ga Maris

Jiya intanet ta ɗauke. Wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku ne suka lalace, abin ya taɓa Ghana da Najeriya da Laberiya da sauran maƙwabta. Ga azumi, ga rana, ga wata Elantra a gabana da lambar da ban taɓa gani ba. Na'urar ta karanto, ta ba ni layi ɗaya na Turanci. Amma wace waya ce, wane launi, daga ina ta taso, duk wannan a intanet na saba dubawa. Na yi ta latsa waya har la'asar ba abin da ya buɗe.

A nan na gane wata guda ke nan ina aiki da ilimin aro. Abin da Kawu ya sani yana kansa, ko an ɗauke wuta ko an kawo. Nawa yana can wani wuri da ban da iko da shi.

Da safen nan na tsaya a Kejetia na sayi babban littafi mai kauri. Kowace mota shafi ɗaya: lambar, irin motar da shekararta, abin da mai ita ya ce, abin da muka zata, abin da muka tarar. Da Hausa za a rubuta, kuma har kuskurenmu zai shiga, don shi ne mai hana na baya faɗawa rami ɗaya. Shafin farko na Corollar nan ne.

Asabar, 20 ga Afrilu

An yi sallah lafiya, aiki ya dawo. Matsalar da ban hango ba ita ce kuɗin bincike. Mutanenmu sun saba biyan kaya da gumi. In sun ga ka shiga ƙarƙashin mota ka fito dumu-dumu, sai su biya ba musu. In kuwa ka jona waya ka duba allo, cewa suke yi minti biyar ne kawai, me ka yi? Wani direban tasi ya faɗa mini haka ranar Talata, na rasa amsar da zan ba shi. Kawu ne ya ce masa, “In ka je asibiti aka yi maka hoto, kana ce wa likita bai yi gumi ba?” Ya biya yana gunaguni.

Mun yanke sidi 80 kuɗin bincike, in an yi gyaran a nan sai a cire daga kuɗin aiki.

Akwai kuma masu zuwa a goge musu fitila kawai. Direban da ke neman abincin yau na fahimce shi, nakan goge bayan na faɗa masa za ta dawo. Wanda ba zan yi wa ba shi ne dillalin da zai kai mota kasuwa. Wani ya zo da lamba P0420, muka leƙa salansa muka tarar an fasa katalis, matatar hayaƙi, an kwashe abin ciki, don akwai ƙarafa masu tsada a ciki, irin su filatinam, da ake saye. Ya ce in goge, ko in cire ƙwan fitilar gaba ɗaya, zai ninka kuɗin. Na ce ya nemi wani wuri. Wanda zai sayi motar nan wataƙila kuɗin fansho zai zuba.

Talata, 14 ga Mayu

Yau mun yi asara mafi girma tun da aka fara. Babban yaron rumfar yana son ya gwada ko altaneta tana caji, sai ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami: ya zare kan batir injin yana aiki. A tsohuwar mota in ta ci gaba da tafiya to caji lafiya. A motar kwamfuta kuwa batir ne yake shanye tsallen wuta, in ka zare shi wutar sai ta faɗa kan ƙwaƙwalwa. Motar ta mutu ba ta sake tashi ba.

Mun samo wata ƙwaƙwalwar wajen masu kayan gwanjo, amma ta ƙi karɓar makulli, domin makullan yanzu suna da ɗan guntun lantarki a ciki da sai ƙwaƙwalwa ta gane shi za ta saki mai. Na'urarmu ba ta kai nan ba. Dole muka ja motar zuwa layin ƙasa, wajen matashin nan. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce wa Kawu Baba, ya kuma bar ni na tsaya ina kallo.

Kawu bai yi wa yaron faɗa ba. Ya ce shi ya koya masa. Da fenti muka rubuta a bangon rumfa: ba a zare batir injin yana aiki, ba a walda a jikin mota batir yana haɗe, ba a gwada wayar sensa da ƙwan fitila sai da mita.

Asabar, 6 ga Yuli

Mako biyu muna ja-in-ja da Kawu a kan tamostat, ɗan ƙaramin makullin da ke hana ruwa zagayawa lagireto sai injin ya ɗau zafi. A Magazine in mota ta sauko daga jirgi, cikin abubuwan farko da ake yi mata har da cire shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tada mota. Hujjar ita ce an yi shi ne don ƙasar ƙanƙara. Kawu ya fi shekara talatin yana cirewa.

Ba zan ce bai da dalili ba. A zamaninsa ruwan rijiya ake zubawa a lagireto, tsatsa ta toshe ko'ina, tamostat ya maƙale a rufe, injin ya tafasa a hanyar Tamale inda ba mai taimako. Ya ga kawunan injin da suka lanƙwashe saboda haka, ya ga iyalan da motar ita ce abincinsu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za ka zo masa da allo rana ɗaya ya yarda ba.

Sai dai injin kwamfuta an gina shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90. Muddin sensa tana faɗa wa ƙwaƙwalwa cewa da sauran sanyi, za ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi, man injin ya tsinke. Akwai ma lambar wannan, P0128. Wata Vitz da ke aikin Bolt, tasin da ake kira ta waya, ta zo da ita, direban yana kukan shan mai. Na ce, “Kawu, ku ba ni wannan ɗaya, in ta yi zafi ni zan biya.” Muka zagaya da ita har Kejetia muka dawo, allo bai wuce 68 ba. Muka wanke lagireto, muka sa sabon tamostat, muka mayar da fanka hannun ƙwaƙwalwa, muka zuba ruwan sanyaya injin na galan maimakon na famfo.

Kawu ya jawo benci ya zauna gaban motar, bonet a buɗe, na'urar a cinyarsa. Adadin yana hawa, 80, 85, 90, na ga ya miƙa hannu wajen makulli. Na ce, “Ku ɗan jira.” Ya wuce 90 da kaɗan sai fanka ta tashi da kanta, adadin ya sauko, ta tsaya. Ya zauna ya kalli haka har sau huɗu, har aka kira azahar.

Jiya direban ya dawo ya ce man da yake kai shi la'asar yanzu yana kai shi magariba. Kawu ya ce a motocin kwamfuta an daina cirewa. A tsofaffin Urvan da Benz 207 na tirotiro kuwa yana nan a kan bakansa, ni ma na bar maganar.

Asabar, 17 ga Agusta

Littafin ya kai shafi 61, amma na lura mutum uku ne kawai suke buɗe shi. Sauran ba su yi nisa a boko ba, kunya kuma ta hana su faɗa. Ƙaramin ɗan Bawku ne ya warware mini. Na same shi da wata 'yar takarda a aljihu, ya kwafi lambobin yadda suke, a gefen kowace ya rubuta ma'anarta da ajami, don shekara shida ya yi a makarantar allo. Yanzu kowane shafi yana da layi biyu na ajami a ƙasa, shi yake rubutawa, yana kuma karanta wa sauran. Ga wanda bai iya ko ɗaya ba, ina ɗaukar murya in tura a zaurenmu na WhatsApp. Ranar Alhamis shi kaɗai ya karanto P0302, ya ce silinda ta biyu ce ba ta ƙonawa, ya musanya koyil ɗinta da na ta uku, lambar ta koma P0303. Ya tabbatar da koyil ne ba a sayi komai ba tukuna.

Ɗan Wa ya ajiye aiki, ya koma tuƙin pragya, keke mai ƙafa uku na haya. Ya ce nan da shekara uku ba ya ganin zai iya buɗe nasa wurin, tunda yanzu akwatin sifana kaɗai bai isa jari ba. Na yi ta ba shi baki, bai tsaya ba, kuma maganarsa tana damuna domin akwai gaskiya a ciki. Maƙwabcinmu gwanin kafireta ne da a da ake kwana a layinsa, yau janareta da babura yake gyarawa, wata rana har yamma ba wanda ya leƙo. Ina ganin ya kamata ƙungiyoyin masu gareji su sayi na'ura ta haɗin gwiwa a kowane layi, yaron da aka yaye ya riƙa ara yana biyan kaɗan. Na kai maganar taron layinmu, an ce za a duba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Saƙo ya fito a allo cewa sabuntawar na'urar za ta ƙare a farkon shekara, kuma da dala ake biya. Lokacin da muka saye ta dala tana wajen sidi 12, yanzu ta kai 16. In ba a biya ba za ta ci gaba da aiki, amma ba za ta san sababbin motoci ba. Sifanar Kawu tun da ya saya sau ɗaya ya biya. Mun fara ware sidi 10 daga kowane bincike a cikin gwangwani.

Wata motar gwanjo da ruwa ya taɓa cinyewa ta ƙi magana da na'ura sam. Muka cire batir, na auna tsakanin ƙofa ta 6 da ta 14 a soket, inda ya kamata mita ta nuna om 60. Ta nuna 120, alamar layin ya yanke a wani wuri. Kawu ya ɗaga kafet ya shinshina, ya ce a nan ruwa ya kwana. Ƙarƙashin kujerar direba muka tarar da mahaɗar wayoyi ta yi kore shar.

Asabar, 14 ga Disamba

Daga Fabrairu zuwa yau mota huɗu muka sallama, uku saboda makulli, ɗaya saboda na'urarmu ba ta san ta ba. Littafi yana shafi 118.

Ranar Alhamis aka kawo mana Prius, irin mai haɗa fetur da lantarki. Toyota ta fara sayar da ita a Japan tun 1997, amma wannan ce ta farko da ta shigo rumfarmu. Ta shigo shiru kamar ana tura ta. Mai ita ya fita ya bar ta a kunne, ɗaya daga cikin yaran ya zata a kashe take, ya buɗe bonet ya zura hannu, sai injin ya tashi da kansa. Allah ya kiyaye, hannun riga kawai ya taɓa. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Lambarta P0A80, wato babban batirin da ke bayan kujera ya gaji. Ba irin namu mai bolt 12 ba ne. Gutsure 28 ne a jere, kowane bolt 7.2, jimilla sama da 200, kuma motar tana ɗaga wutar har 650 kafin ta kai ga injin lantarki. Duk wayar da aka lulluɓe da roba mai launin ruwan lemo kisa take yi. Ƙa'ida ita ce a kashe mota, a nesanta makulli, a sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, a zare fulogin tsaro, a jira minti 10, sannan a auna a ga babu wuta kafin a taɓa komai. Safar ba mu da ita. Wani a layin ya ce shi da leda biyu yake yi, Kawu ya ce ba a rumfarsa ba.

Na faɗa wa mai motar gaskiya cewa ba mu taɓa yi ba, in yana sauri ya kai Accra. Ya ce zai jira. Motar tana ƙarƙashin darbejiya, Kawu ya zagaye ta da igiya, makulli yana aljihuna. Safar za ta iso ranar Talata a motar STC. Kafin nan zan zana jerin gutsuren 28 a babban kwali, da gurbin rubuta bolt ɗin kowane, ɗan Bawku ya sa ajaminsa a ƙasa. Kawu ya ce shi zai riƙe mita, ni in zare fulogin, yaran kuma su tsaya bayan igiya.